Hoton bayan aiki: tarihin tambayar da ta kusa cinye gonar Kawu

Jama'a, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Watan Maris shi ne aka ware domin wayar da kai kan ciwon dajin babban hanji da dubura, kuma na ga ana ta yaɗa saƙo a Facebook cewa a je a yi gwaji. Madalla. Amma akwai ɓangaren da ban ga ana taɓawa ba, wato abin da ke biyo baya idan an riga an yi aikin, an cire ciwon, an gama allurar kimo, an sallami mutum ya koma ƙauye. Shin dole ne ya riƙa dawowa birni ana ɗaukar hoton cikinsa? Sau nawa? Har zuwa yaushe?

Ni a zauren kawuna na fara cin karo da wannan tambaya, a wani ƙauye na ƙasar Dambatta. Kawu ya yi kusan shekara yana ganin jini a bahaya, ana ta ba shi jiƙe-jiƙen basir, kafin mu kai shi asibiti a Kano a gano ciwon daji ne a mataki na 3. Aka yi aiki, aka yi kimo, Allah ya ba shi sauƙi. Kafin a kai nan, shanun huɗa sun tafi, tumakin matan gidan sun tafi, gyaɗar da aka ajiye don iri ma ta bi su. Ranar sallama aka ba mu takarda cewa a dawo da hoton CT na ƙirji da ciki da mara. Da lokacin ya matso, babban ɗansa ya kawo shawarar a jinginar da gonar bayan gida.

Wanda bai san yankinmu ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Tun a shekarun 1960 Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano, inda gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona, ba a barin saura ta huta ko na damina ɗaya. Taki da guminmu ke riƙe da ƙasar. Babu dajin da za ka shiga ka sare sabuwa. Gonar da aka jinginar saboda jinya kuwa, kowa ya sani, ba kasafai take dawowa hannun mai ita ba.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi boko. Hoton nan magani ne?" Na ce, "A'a Kawu, dubawa ce kawai." Ya ce, "To in ba magani ba ne, me zai ƙara mini?" Wallahi na rasa amsa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, fayil na sani, ba likita ba ne. Abin da ya sa na shiga karance-karance ke nan, sai na tarar ashe tambayar Kawu ta daɗe tana hana manyan likitocin duniya barci, sama da shekara 70.

Bari mu faro daga Amurka, ƙarshen shekarun 1940. Akwai wani shahararren likitan fiɗa a Jami'ar Minesota, Owen Wangensteen. A zamaninsa babu na'urar da za ta nuna maka cikin hanta sosai. Hoton ƙashi da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 yana nuna ƙashi da huhu, amma bai da wani tasiri a kan tsokar ciki. Sai Wangensteen ya ce tunda ciwon yakan dawo a ɓoye, a riƙa sake buɗe cikin majinyaci bayan kamar wata 6, ko da yana jin garau, a duba da ido, in an ga wani abu a cire. Ku yi tunani fa: mutum ya warke, yana cin tuwonsa, a sake kwantar da shi a tsaga shi don kawai a leƙa. An yi wa mutane da dama. Kaɗan suka amfana, wasu kuma aikin leƙen ne ya yi ajalinsu. Daga baya aka watsar da tsarin, amma tunanin da ya haife shi bai mutu ba: in ka gani da wuri, za ka ceci rai.

A 1965 wasu likitoci biyu a Montiriyal ta Kanada, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano wani sinadari da ƙwayoyin ciwon dajin hanji ke fitarwa, wanda ake kira CEA. Ba da jimawa ba aka samu hanyar auna shi a jini. Murna ta kama kowa, domin yanzu ba sai an tsaga ciki ba, a ɗebi jini kawai, in ya hau a san akwai matsala. A 1969 kuma William Wolff da Hiromi Shinya a birnin New York suka inganta leƙen babban hanji gaba ɗayansa da siririyar tiyo mai fitila, abin da ake kira kolonoskofi. Sai babbar na'urar ta iso: a watan Oktoba na 1971, a wani asibiti a Landan, aka ɗauki hoton kan wata mata da na'urar CT ta farko, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a kamfanin EMI. Wannan bawan Allah ko digiri na jami'a bai da shi, amma a 1979 ya karɓi kyautar Nobel tare da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu. Mu masu kwalin digiri a cikin durowa sai mu yi shiru. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 an fara ɗaukar hoton jiki duka da ita.

To, kayan aiki sun samu. Abin da ya rage shi ne a tabbatar cewa yawan dubawar yana tsawaita rai. Nan ne labarin ya fara karkacewa.

A Ingila aka fara wani gwaji a 1982. Aka yi wa majinyata 1,447 rajista ana auna musu CEA a kai a kai. Su 216 da nasu ya hau aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi a gaggauta bincike da sake aiki, rabi a jira sai alama ta bayyana a jiki. A 1993 aka dakatar da gwajin, saboda an ga gaggawar ba ta ƙara wa mutane kwana ba. Abin mamaki, sakamakon bai fito fili cikakke ba sai a 2014, da Tom Treasure da abokan aikinsa suka tono takardun suka wallafa. Shekara 21 yana kwance. Ashe ba a ofisoshinmu kaɗai fayil ke yin barci ba.

A tsakanin nan, a 2002, Andrew Renehan da wasu suka haɗa sakamakon ƙananan gwaje-gwaje guda 5, suka ce sa ido sosai yana rage mace-mace. Wannan ya yi tasiri ƙwarai, ƙa'idojin asibitoci a Turai da Amurka suka karkata ga yawan hoto da yawan gwajin jini. Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne kuma tsofaffi, don haka aka shirya manya.

Na farko shi ne FACS, a asibitoci 39 na Ingila, da mutum 1,202, aka fitar da sakamako a 2014. An raba su huɗu: masu gwajin jini, masu hoton CT, masu duka biyun, da waɗanda aka bari da kulawa mafi ƙaranci. A cikin 'yan kulawa mafi ƙaranci, kashi 2.3 cikin 100 ne aka kama ciwonsu ya dawo a lokacin da za a iya sake aiki da niyyar warkarwa. Masu gwajin jini kashi 6.7, masu CT kashi 8, masu duka biyun kashi 6.6. Ku lura da abu biyu a nan. Sa ido ya ninka damar sake aiki kusan sau uku, wannan gaskiya ne. Amma haɗa jini da hoto bai fi ɗaya shi kaɗai ba. Da aka ƙirga waɗanda suka rasu kuma, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka matsa wa sa ido da waɗanda ba a matsa wa ba.

Na biyu shi ne COLOFOL, a Suwidin da Denmak da Yurugwai, da mutum 2,509 masu mataki na 2 da na 3, sakamako a 2018. Wannan shi ya fi kusa da tambayar Kawu. Rukuni ɗaya aka yi musu CT da gwajin jini sau 5: wata na 6, 12, 18, 24 da 36 bayan aiki. Ɗaya rukunin sau 2 kacal: wata na 12 da na 36. Bayan shekara 5, kashi 13.0 cikin 100 sun rasu a rukunin farko, kashi 14.2 a na biyu, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta wuce abin da dace kawai zai iya haifarwa ba. Hoto 5 da hoto 2, sakamako kusan ɗaya. Italiya da Faransa ma sun yi nasu manyan gwaje-gwajen, suka faɗa kusan wuri guda. A 2019 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 19 da ya shafi mutum sama da 13,000, ta ce matsa sa ido yana ƙara yawan sake aiki, amma tasirinsa ga tsawon rai kaɗan ne ko babu.

Mutum zai ce ta yaya za a gano da wuri amma ba a ƙara kwana ba? Yadda na fahimta, ciwon da ya dawo iri-iri ne. Akwai mai saurin bazuwa, wanda ko ka gan shi wata 6 kafin lokaci ya riga ya watsu, abin da ka ƙara kawai shi ne watannin sanin mugun labari. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, ƙulli ɗaya ko biyu a hanta ko a huhu, wanda ko yau ka gan shi ko bayan wasu watanni, likita zai iya yanke shi. Waɗanda ke tsakiya, da wata 6 zai canja musu komai, suna nan, amma ba su da yawan da za su motsa alƙaluma.

Yanzu kada wani ya karanta wannan ya je ya ce wa mahaifinsa ya yaga takardar asibiti. Ban faɗi haka ba, binciken ma bai faɗa ba. A COLOFOL babu rukunin da aka bari babu hoto sam. A FACS ma 'yan kulawa mafi ƙaranci an yarda a yi musu CT guda tsakanin wata 12 da 18 in likitansu ya nema. Muhawarar tana kan yawa ne, tsakanin kaɗan da barkatai. Kuma duk waɗannan mutane an yi musu cikakken bincike kafin aiki, an san matakin ciwonsu, an tabbatar an cire shi duka. Mu nan fa?

Mu namu tarihin daban ne. An daɗe ana koyar da cewa wannan ciwo na Turawa ne. Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya yi shekaru a Yuganda, ya yi fice a farkon shekarun 1970 da bayanin cewa mutanen karkarar Afirka ba su cika kamuwa ba saboda abincinsu na da dusa da harza. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gero da dawa da wake da kuka da zogale ba abin rainawa ba ne. Amma a ganina maganar ta yi mana daɗi fiye da kima. Wanda ya mutu a ƙauye da "basir mai jini" ko "ɗaurewar ciki" ba ya shiga kowane littafin ƙidaya. Rajistar masu ciwon daji ta farko a ƙasar nan a Ibadan aka buɗe ta, a 1960. Na'urar CT ta farko ita ma Ibadan ta sauka, a asibitin koyarwa na UCH, a 1987, shekara 16 bayan ta Landan. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988 aka kafa shi. Cibiyar gwaje-gwaje da hukumar NSIA ta gina a harabarsa kuwa sai a 2020 ta fara aiki. Wato iyayenmu sun rayu mafi yawan shekarunsu a inda ko tambayar "sau nawa za a yi hoto" ba ta taso ba.

Da aka fara bin diddigi da gaske, musamman ta haɗin gwiwar ARGO da aka kafa a 2013 tsakanin likitocin Ile-Ife da na cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka, sai aka ga majinyatan Najeriya sun fi na Amurka ƙuruciya, ciwon ya fi yawan zama a dubura, kuma akasarinsu suna zuwa ne a mataki na 3 ko na 4. Wasu ma sai hanji ya toshe ake kawo su cikin dare, a yi aikin gaggawa ba tare da an taɓa ɗaukar hoton hanta ko an leƙa sauran hanjin ba. Irin wannan mutum, hoton farko bayan aiki ba na sa ido ba ne, shi ne binciken da ya kamata a yi tun farko, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Haka leƙen hanji: wanda ba a samu duba nasa duka ba kafin aiki, ƙa'ida ita ce a yi masa cikin wata 3 zuwa 6.

Ƙa'idojin da likitoci ke bi a duniya ma ba bakinsu ɗaya ba. A Amurka, mai mataki na 1 ba a yi masa CT na yau da kullum, leƙen hanji ake yi bayan shekara. Mai mataki na 2 ko 3 kuwa ana auna CEA duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyun farko, CT duk wata 6 zuwa 12, har shekara 5. A Ingila hukumar NICE ta fi mayar da hankali kan shekaru 3 na farko. Dalili kuwa, kusan kashi 80 cikin 100 na ciwon da zai dawo a cikin shekaru ukun nan yake dawowa, bayan shekara 5 kuma da wuya. Hoton PET mai tsadar gaske, babu wanda ya ce a riƙa yin sa haka kawai don sa ido.

Sai batun kuɗi, wanda mu shi ne kan gaba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, komai na asibiti ya tashi, har ruwan allurar da ake sa wa mutum kafin hoto, wanda daga waje ake shigo da shi. Abin da muka biya a hoto ɗaya ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da ake biya a Kano, ban da kuɗin mota na mutum biyu, da gwajin ƙoda da ake nema kafin allurar, da kwana a gidan 'yan uwa. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce kowane ɗan ƙasa ya shiga, amma ku shiga kasuwar Dambatta ranar Lahadi ku tambayi manoma nawa ke da kati. Ni da nake da shi ta wurin aiki, bai rufe kawuna ba.

Hoton kansa ma ba kyauta yake ga jiki ba. CT ɗaya na ciki da mara ya kai kimanin hasken da mutum ke sha daga muhalli a shekara 3. Ga dattijo wannan ba babban abin damuwa ba ne, ga ɗan shekara 35 da za a yi wa sau 10 kuwa abin lissafi ne. Sannan na'urar tana ganin abin da ba a aike ta ba, za ku ji misali a ƙasa.

Da na gama tattara wannan, na koma wurin likitan Kawu, ba don in koya masa aikinsa ba. Na ce, "Likita, ga halin da muke ciki, gona za a jinginar. Wanne ne dole, wanne ne in da hali?" Mutumin kirki, ya ajiye biro ya saurare ni. Ya buɗe fayil ya nuna mini cewa CEA ɗin Kawu ya hau sosai kafin aiki, ya sauko bayan aiki, don haka gwajin jini zai yi amfani a kansa. Ya ce ba kowa ke da wannan sa'ar ba, akwai ciwon da ba ya ɗaga CEA ko kaɗan, akwai kuma mai shan taba ko mai ciwon hanta da nasa kan hau babu daji. Sai ya yi wata tambaya da ban taɓa kawowa a raina ba. Ya juya ya ce wa Kawu, "Baba, in mun ga wani abu a hanta, za ka yarda a sake aiki?" Ya bayyana mana cewa amfanin hoton duk yana rataye ne a kan wannan: in jikin mutum ba zai ɗauki wani aiki ko wata kimo ba, ko shi da kansa ya ce ya gama, to yawan hoto tashin hankali kawai zai ƙara masa. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce in dai yana da ƙarfin da yake ji yanzu, zai yarda.

A nan aka tsara: gwajin jini duk wata 3, CT da leƙen hanji in an cika shekara, sikanin na hanta mai sauƙin kuɗi a tsakani duk da bai kai CT gani ba, sannan in jini ya hau, ko aka ga jini a bahaya, ko rama, ko ciwon ciki da ya ƙi tafiya, ko tari, ko idanu suka yi ruwan ɗorawa, a taho ba jiran ranar da aka rubuta. Wannan tsarin Kawu ne, bisa matakinsa da jikinsa, ba na kowa ba. Mai ciwon dubura, nasa bin yana iya fin wannan tsanani.

Abin da ya fi damuna, bayan duk karatun nan, shi ne mu matsalarmu ba ta yi kama da ta Turawa ba. Su suna gardama ko hoto 5 ya yi yawa. Mu kuwa a layin asibiti na ga yadda ake yi: an rubuta wa mutum hoton da ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi cewa ba shi da kuɗi, sai ya ce "to" ya fita, ba a sake ganinsa ba. Ya bar hoton, ya bar gwajin jinin da zai iya biya, ya bar ganin likitan ma gaba ɗaya, ya koma wa mai jiƙo. Da an zauna da shi minti 10 an ware masa dole daga in-da-hali, da yana nan cikin lissafi. Laifin kuma ba na likita shi kaɗai ba ne, wanda yake ganin mutum fiye da kima a wuni. Mu 'yan boko na dangi, da ake kira in za a cike fom, mu ne ya kamata mu buɗe baki mu yi tambayar.

Da shekara ta cika muka yi hoton, da kuɗin wake da ɗan abin da muka harhaɗa mu 'ya'ya. Hanta lafiya lau. Amma aka ga wani ɗan ɗigo a huhun dama. Makonni muka yi ba barci, har aka kwatanta da hoton da aka ɗauka kafin aiki, aka ga yana nan tun can, bai ƙaru ba, likita ya ce ya fi kama da tabon tsohon tarin fuka. Tun daga ranar na sa aka sayo jakar leda mai zif, aka zuba duk faya-fayan hoto da takardun gwaji, aka ba Inna ta ajiye a ƙasan adakarta, don ba don tsohon hoton ba da an sake tura mu wani sabo.

Gonar bayan gida tana nan, an fara kai mata taki. Gwajin jinin Kawu na gaba zai faɗo daidai lokacin shuka, ya riga ya aiko mini cewa in nemi a matsar masa da ranar in ruwa ya sauka a makon. Na ce masa gwajin na safe ne, zan zo da mota in mayar da shi kafin azahar.